Ta Gas Ko Ta Mai? Yadda Ake Zaɓen Shokozoba A Hanyoyin Kafanchan

Ka shiga shagon kayan mota a Kafanchan ka ce shokozoba kake nema, tambaya biyu za a yi maka. Ta farko, wace mota ce? Ta biyu: "Oga, ta gas ko ta mai?" A nan mutane da yawa kan yi jim, sannan su ce a ba su ta gas, don sun ji ana cewa ita ce mai ƙarfi. Mai shago ya miƙo kwali, a biya, a wuce gareji. To amma tambayar kanta akwai gyara a cikinta. Babu shokozobar motar da ba ta da mai. Wadda ake ce wa ta gas ɗin ma, mai ne ke yi mata aiki. Sannan ta gas iri biyu ce, ginin cikinsu ya sha bamban, kuɗinsu ba ɗaya ba, kuma kowace da irin hanyar da ta fi jurewa. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne: bututu ɗaya gare ta ko biyu?

Jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Tun wajen 1927, da layin dogo daga Fatakwal ya biyo ta nan ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Yau dogon ya yi tsit, kayan da tarago ke ɗauka a da duk sun koma kan taya: citta daga Kwoi, Kachia da Kubacha, masara, doya, katako, ga fasinjan Jos, Kaduna, Keffi da Abuja. Ga kuma ruwa. Yankin yana gindin tsaunukan Filato, damina kan kankama tun Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Ruwa ya ci kwalta ya bar ramuka, rani ya shigo ya mai da hanyoyin jar ƙasa gargada zalla, irin mai tudu da kwari kamar kwanon rufi. Motar da ke neman abinci a irin wannan ƙasa, ƙafarta ce ke riga inji tsufa.

Abin da take yi, da abin da ba ta yi

Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, ko mai naɗi irin na ƙananan motoci, ko mai faifai irin na bayan akori-kura. Shokozoba ba ta ɗaukar kaya. Aikinta hana sifirin rawa. Sifirin in ka danne shi ka saki, ba ya tsayawa nan take, sai ya yi ta sama da ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare. Mota mai sifirin kaɗai, in ta faɗa rami ɗaya sai ta yi ta tangaɗi kamar kwalekwale, taya tana taɓa ƙasa tana barinta. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Yadda take hana rawar abu ne mai sauƙi. Ka cika sirinji da man gyaɗa ka danna: in ka bi a hankali ya fita salin-alin, in ka matsa da ƙarfi ya turje. Haka cikin shokozoba yake. Akwai sandar ƙarfe mai sheƙi, a ƙarshenta akwai fistin mai ƙananan ƙofofi da aka rufe da siraran faifan ƙarfe, wato bawul. Duk motsin da taya ta yi, fistin yana tura mai ta cikin ƙofofin nan, man yana turjewa. Abin da za ka riƙe a nan shi ne, duk tsallen da aka hana mota yi bai ɓace ba, zafi ya koma a cikin man. Daga tasha zuwa kasuwa a kan kwalta, zafin ba komai ba ne. Awa guda a kan gargada, fistin ya yi sama da ƙasa sau dubbai, jikin shokozoba kan yi zafin da ba ka iya riƙe shi da hannu. Duk gardamar bututu ɗaya da biyu, a kan wannan zafin take.

Mai bututu biyu

Ita ce a yawancin motocin da ke kan titi, musamman a ƙafar gaba. Bututu ne a cikin bututu. A na ciki fistin ke aiki, na waje kuma rumbun mai ne. Dalilin rumbun shi ne, in sanda ta nutse cikin bututu tana cin wuri, mai kuwa ba ya matsuwa, dole wanda aka ture ya sami mafaka. Sai ya bi ta wani bawul da ke can gindi ya shiga tsakanin bututun biyu, in sanda ta fito ya dawo. Rumbun ba a cike yake ba. A samansa akwai iska. In iskar da muke shaƙa ce kawai, ita ce 'yan kasuwa ke kira ta mai. In an ɗura naitirojin mai ɗan matsi, ita ce ta gas ta farko, kuma ita ce akasarin ta gas ɗin da ke kan kanta a shaguna. KYB Excel-G, alal misali, irin wannan ce.

Tana da daɗin zama. Matsin cikinta kaɗan ne, don haka ƙananan tsakuwa da faci-facin kwalta ba sa isowa ga kujera. Tana da araha. Gajeriya ce, tana shiga inda wuri ya yi ƙaranci. Abin da ya fi burge ni da ita a ƙasa irin tamu shi ne bututun waje garkuwa ne: dutse ya doke shi ya lotsa, na ciki bai san an yi ba, fistin ya ci gaba da aikinsa.

Garkuwar nan kuma ita ce cutarta. Ka tuna fulas ɗin shayi, bango biyu ne ke sa ya riƙe zafi. Zafin da fistin ya haifar sai ya ratsa bututun ciki, ya ratsa mai da iskar rumbu, ya ratsa na waje kafin iskar hanya ta ɗauke shi. Mai in ya yi zafi yakan tsinke. Ga shi kuma babu wani shamaki tsakanin man da iskar da ke samansa, sai girgiza ta kaɗa su tare su zama kumfa. Kumfa tana matsuwa, tana wucewa ta bawul ba turjiya. Duk direban da ya saba hanyoyin ƙauye da rani ya san abin, ko da bai san sunansa ba. Ka taso da safe mota tana zaune daram, bayan rabin awa a gargada sai ka ji bayanta ya fara yawo, tana lilo, kana gyara sitiyari ba dalili. Ka tsaya ka ci abinci, ka dawo ka tarar ta warke. Wasu su ɗora wa taya laifi, wasu su ce kaya ne bai zauna ba. Man shokozoba ne ya yi kumfa, ya huce, ya kwanta. Naitirojin da ake sa wa mai bututu biyu don rage wannan kumfar ne, kuma yana ragewa sosai, sai dai ba ya kawar da ita baki ɗaya tunda har yanzu ɗaki ɗaya suke kwana da man.

Mai bututu ɗaya

Wani Bafaranshe mai suna Christian Bourcier de Carbon ne ya fito da dabarar a farkon shekarun 1950, ya kafa kamfaninsa a 1953. Kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauki fasahar, a 1957 aka fara sa ta a motocin Mercedes-Benz tun daga masana'anta. Tunanin de Carbon bai wuce abin da kowa ke gani a kwalbar lemo ba. Muddin murfi na rufe, ko ka girgiza ta ruwan yana nan ruwa, don matsi ya danne shi. Ka buɗe, kumfa ta taso. Sai ya ce to a ajiye man a ƙarƙashin matsi mai yawa kullum, a kuma raba shi da gas kwata-kwata.

Bututu ɗaya ne tak. Fistin mai sanda yana aiki cikin mai kamar yadda aka saba. A can ƙarshen bututun akwai fistin na biyu wanda ba a ɗaure shi da komai ba, yana da zoben roba, bayansa kuma naitirojin ne da aka matse sosai, wajen bar 20 zuwa 30 a ma'aunin matsi na injiniyoyi. In kana son ka gane, kusan ninki goma ke nan na iskar da mai faci ke ba tayar ƙaramar mota. In sanda ta nutse, fistin na biyu ya ɗan ja da baya ya matse gas, in ta fito ya dawo. Mai da gas ba sa haɗuwa, saboda haka babu kumfa, kuma ko a kwance ko a kife aka ɗaura ta za ta yi aiki. Bango ɗaya ne tsakanin mai da iskar hanya, zafi yana fita da wuri. Tunda babu bututun ciki da zai cinye wuri, fistin ɗinta ya fi faɗi: milimita 36 ko 46 ake yawan samu, alhali na mai bututu biyu a ƙananan motoci bai cika wuce 30 da 'yan kai ba. Fistin mai faɗi yana tura mai da yawa a ɗan motsi kaɗan, shi ya sa take kama taya tun tsallen bai yi nisa ba. KYB Gas-a-Just da Bilstein B6 na wannan gidan ne, kuma a jikin kwali sau da yawa za ka ga an rubuta Monotube.

Kada wannan yabo ya ruɗe ka, tana da nata. Na farko kuɗi, don ƙera ta ya fi wuya. Na biyu tauri: a kan ƙananan faci da tudun rage gudu na cikin gari za ka ji hanya a ƙugunka fiye da da, tsohuwar da ka ɗauko zuwa asibiti ba za ta gode maka ba. Na uku, kuma mafi muhimmanci a nan, bututun da kake gani a waje shi ne wanda fistin ke gudu a cikinsa. Dutse ɗaya ya lotsa shi, fistin ya cije, shi ke nan an gama. A akori-kura shokozobar baya tana daidai inda tayar gaba ke watso tsakuwa. Na huɗu, robar bakin bututu tana riƙe da matsi mai yawa dare da rana, saboda haka ƙaramin ƙarzanen da ƙura ko tsatsa ta yi wa sanda ya isa ya sa ta fara zubar da mai. Ta kuma fi tsawo, don ɗakin gas yana layi ɗaya da na mai, ba kowace mota ce ke da wurinta ba. A ƙafar gaba irin ta Corolla, Golf ko 406, inda shokozoba da sifirin suke haɗe suna riƙe da tayar kanta, kusan kullum mai bututu biyu ce. Akwai masu bututu ɗaya na wannan wurin, amma tsadarsu ta masu tseren mota ce.

Maganar kaya

Lokacin haƙar citta, daga ƙarshen shekara zuwa farkon ta gaba, za ka ga Sharon da Golf sun fito daga ƙauye bayansu na jan ƙasa. Shawarar da ake ba direba a tasha ita ce ya sa ta gas mai ƙarfi ta ɗaga masa mota. Bari mu yi lissafi. Ƙarfin da gas ke tura sanda da shi, matsin gas ne a kan kaurin sandar kawai. Sanda mai kaurin milimita 12, da matsin bar 25, turin bai wuce kilo 29 ba. Biyu na baya a haɗe, wajen kilo 58: buhun siminti ɗaya da ɗan ƙari. Wannan shi ne iyakar abin da irin wannan shokozoba za ta taimaka wa sifirin da shi. Motar da babu kaya za ta iya ɗan ɗagawa kaɗan, direba ya yi murna, amma buhu na biyu ya shafe ribar.

In bayan mota ya zauna, sifirin ne ya gaji ko kaya ya fi ƙarfinsa. Sabuwar shokozoba a kan mataccen sifirin asara ce, don za ta yi ta aiki a dunƙule, kowane rami ya kai ta ƙarshe ta daki gindi. Mai bututu biyu bawul ɗin gindinta ne zai fashe, mai bututu ɗaya kuma fistin biyun ne za su yi karo. Sai a fara da sifirin, da robar nan da ke tare ƙarfe kafin ya daki ƙarfe, sannan a zo kan shokozoba.

Wa ya kamata ya sayi wace?

Malamin da ke zuwa Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Corolla ko Camry, ƙarshen wata ya leƙa Jos ko Kaduna, ba shi da abin yi da mai bututu ɗaya. Mai bututu biyu ta gas, ta asali, ita ce daidai da shi. Ramin kwalta duka ne na lokaci ɗaya, ba ya tara zafi, kuma laushin da zai samu ya fi masa amfani.

Direban haya da ke lodin Kafanchan zuwa Kaduna ta Zonkwa da Kachia, ko Abuja ta Kwoi da Keffi, da Sharon, Sienna ko Hiace, lissafinsa daban. Motarsa kullum a cike take, tafiyar doguwa ce, gudun ma ba kaɗan ba. A gaba ya bar mai bututu biyu ta gas. A baya, inda shokozoba take ita kaɗai ba a haɗe da sifirin ba, in ya sami mai bututu ɗaya ta asali kuma aljihu ya yarda, zai ga bambanci a kwana da wajen taka birki. Kada wani ya ce masa haɗa iri biyu haramun ne: motoci da dama haka suke fitowa daga masana'anta, mai bututu biyu a gaba, mai bututu ɗaya a baya. Abin da ba a yi shi ne a bambanta hagu da dama.

Masu Hilux ne nake ganin sun fi bukatar su zauna su yi tunani, domin hanyar ƙauye ba iri ɗaya ba ce. Akwai doguwar jar ƙasa mai gargada wadda ake bi da ɗan gudu na awa ɗaya ko biyu. Nan gidan mai bututu ɗaya ne, da sharaɗin a yi mata kariya daga tsakuwa, ko da guntun robar taya ne aka ɗaure a gabanta, ba a naɗe jikinta ba, don in ka naɗe ta ka mai da ita fulas. Akwai kuma hanyar gona irin ta gindin duwatsun Kagoro, inda ake tafiya da giya ɗaya ana hawa dutse ana sauka, ƙasan mota na gugar ƙasa. Nan zafi ba ya taruwa, duka ne ya yi yawa, sai mai bututu biyu mai kauri ta fi daɗewa. Ba ƙasƙanci ba ne: Nitrocharger ta Old Man Emu, wadda aka yi don dajin Ostireliya, bututu biyu gare ta.

Sai tsofaffin 'yan amana, 504 akori-kura da J5. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma abin da ya sa 504 ta yi suna a hanyoyinmu har da ƙafarta mai tsawon tafiya da laushi. A da, Peugeot na cikin kamfanonin da ke ƙera shokozobarsu da kansu. Irin waɗannan, ni dai ban ga dalilin sa musu mai matsi da yawa ba. Mazaunin shokozobar ya sha tsatsa da walda shekara da shekaru, taurin zai koma kansa ne ya tsage. A ba su ta mai ko ta gas mai sauƙi, a zauna lafiya.

A gaban kanta

Hannunka zai gaya maka abin da kwali ya ɓoye. Tsayar da ita sanda a sama, ka danna har ƙasa, ka saki. In ta zauna inda ka bar ta, ta mai ce. In ta taso a hankali, mai bututu biyu ce ta gas. In sai da ka sa nauyin jikinka kafin ta nutse, kuma ta biyo hannunka da ƙarfi, mai bututu ɗaya ce. Yi wa biyun da za ka saya tare: su taso a lokaci ɗaya. Ja da turi su kasance sumul daga farko har ƙarshe, ba wurin da ta yi fayau kamar babu komai, ba wurin da ta cije. Ka sani dai wannan gwaji yana nuna iri ne da mutuwar fili, ba ya nuna ko bawul ya gaji, domin hannun mutum ba ya kai saurin rami.

Sunan da ya yi fice shi ake yi wa jabu, ko a Kafanchan ka saya, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Dubi lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ba ta takarda kaɗai ba, ta dace da ta kwali. Dubi walda, dubi sheƙin sanda, ɗaga ta ka ji nauyi. In kuɗin ya yi rabin na sauran shaguna, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

'Yar Beljiyam fa, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje? Ba zan ce kada a saya ba, don na ga ta asali ta hannu da ta binne sabuwar jabu har sau biyu. Amma masu ƙera su da kansu suna ba da shawarar a duba su duk kilomita 20,000, a yi tunanin canji wajen kilomita 80,000, kuma ba wanda zai gaya maka nawa wadda ke hannunka ta ci kafin ta hau jirgin ruwa. Waɗanda suka fito daga ƙasashen sanyi, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, a duba faifan da sifirin ke zama a kai, tsatsa kan cinye shi ta ƙasa. Ni an taɓa sayar mini da wasu biyu baƙaƙe wul, suna ƙyalli kamar yau aka ƙera su. Ban kai ƙarshen wata ba mai ya jiƙe su har gindi. Da bakanike ya kankare fentin sai ga ɗigon walda a gefe: an huda, an ɗura mai, an toshe, an fesa fenti. Tun ranar, fentin da ya fi ƙarfen sabunta tsoro yake ba ni.

Wannan ɗurin mai da ake yi a wasu garejoji, a mai bututu biyu ta mai yakan ɗan ja kwana, ko da yake robar da ta zubar da na farko ita za ta zubar da na biyu, kuma man inji ko na giya da ake zubawa ba kaurinsu ɗaya da na asali ba. A mai bututu ɗaya kuwa ganganci ne. Ninki goma na iskar taya ke ciki. Kada ka yarda a huda ta ko a kai mata wutar walda kana tsaye a wurin, kada ka yarda a sa yaron gareji ya yi.

Ranar ɗaurawa

Biyu ake canzawa tare, hagu da dama, ko da ɗaya ce ta mutu. In mai bututu biyu ce, ta daɗe a kwance a shago, iska ta shiga bututun ciki. Kafin a ɗaura, a tsayar da ita a ja sandar har ƙarshe, a kifa ta a danna har ƙarshe, a maimaita sau huɗu ko biyar, daga nan a bar ta a tsaye har ta hau mota. Minti biyu ne, amma rashinsa ne ke sa sabuwar shokozoba ta yi ƙara tun ranar farko a ce jabu ce. Mai bututu ɗaya ba ta bukatar wannan.

Ka tsaya a wurin, ka sa ido a kan abu uku. In yaro ya ɗauko filaya zai kama sandar don ta daina juyawa, ka dakatar da shi. Haƙorin filaya ɗaya a jikin sanda zai yanka robar baki cikin 'yan makonni. A saman sandar akwai wurin da aka yi don sifana. In za a cire sifirin daga ƙafar gaba, a yi da abin matse sifirin, ba da igiya ko waya ba, don sifirin da ya kuɓuce yana karya muƙamuƙi. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa: notin da ya ratsa bushin roba ba a ƙarasa ɗaure shi mota na kan jak. A sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, sannan a ɗaure. In an ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage kafin damina ta fita. Ba sai ka yi faɗa ba. "Maigida, don Allah a sauke ta tukuna kafin a ɗaure na ƙasan," ya wadatar, kuma bakaniken kirki zai ce maka dama haka zai yi.

Kada ka yi rowar rigar roba mai lanƙwasa da ke rufe sanda. Ƙurar hunturu da taɓon Agusta su ne ke kashe shokozoba a nan fiye da rami, kuma rigar ba ta da tsada. In an taɓa ƙafar gaba, a wuce wurin saitin taya a ranar, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Bayan mako guda ka koma a sake bin notuna. Daga nan duba ta ba wuya. In ka dawo daga hanya mai gargada, ka kai bayan hannunka kusa da jikin kowace, a hankali, ka kiyayi salansa da faifan birki. Mai aiki za ka ji ta da ɗumi, mai bututu ɗaya ma ta fi zafi a waje, kuma hakan daidai ne. Wadda ka ji ta yi sanyi alhali 'yar'uwarta na da zafi, ta daina aiki. Ɗan dasashin mai da ƙura ta manne a kai kusa da baki ba komai ba ne. Mai da ya gangaro har gindi, ko taya da ta cinye tabo-tabo kamar an yi mata sussuka, ko gaban mota da ke durƙusawa in ka taka birki, su ne alamun lokaci ya yi. Tsofaffin da aka cire kuma, in za ka ba 'yan gwangwan, ka gaya musu waɗanda ke da gas a ciki, kada su jefa su wuta.